Tsutsar Naman Alade: Tsakanin Madubi da Wuta

A shekarar 1835, yayin da wani ɗalibin likitanci mai suna James Paget yake nazarin wata gawa a asibitin St Bartholomew na birnin Landan, sai ya lura da waɗansu fararen ɗigo-ɗigo cikin tsokarta, da ya ɗora su ƙarƙashin madubin likita kuwa, ashe tsutsotsi ne ƙanana, kowace ta nannaɗe cikin kwansonta. Shehin malami Richard Owen shi ya raɗa musu suna Trichina spiralis, ya kuma kwashe galibin yabon, kamar yadda manya suka saba yi wa almajirai.

Ba a tabbatar da cewa wannan halitta tana kisa ba sai a 1860, lokacin da likita Friedrich Zenker na Dresden, a ƙasar Jamus, ya binciki gawar wata yarinya 'yar aiki wadda aka zaci zazzaɓin taifot ne ajalinta, ya tarar tsokarta cike da tsutsa, ya bi sawu har gidan da ta ci naman alade. A 1865 annobar ta faɗa wa garin Hedersleben, mutum 337 suka kwanta, 101 suka mutu. Mu dai nassi ya riga ya haramta mana wannan nama, kuma mumini ba ya jiran hujjar likita kafin ya bi umarni. Amma waɗannan bayin Allah abincinsu ne na yau da kullum.

Daga nan ra'ayi ya rabu biyu. Jamusawa, da yake ba su iya rabuwa da al'adarsu ta cin niƙaƙƙen nama ɗanye, sai suka bi shawarar Rudolf Virchow, suka baza dubban ma'aikata a mahauta, kowane da madubinsa, suna duba yankan kowane alade. A 1883 ma suka hana shigo da naman aladen Amurka baki ɗaya. Amurkawa kuwa suka dogara ga wuta, domin tun 1846 Joseph Leidy na Philadelphia ya gano tsutsar cikin naman alade, ya kuma nuna cewa dahuwa sosai tana halaka ta. A ganina hanyar Amurkawa ta fi hikima, gama idon mai dubawa yana gajiya, tsutsa takan kuɓuce masa.

Abin da ya karya lagon cutar a Amurka, duk da haka, shi ne dokokin da suka hana ciyar da aladu ɗanyen sharar abinci, har a 2011 hukumar aikin gona ta rage zafin dahuwar da take ba da shawara a kansa ga naman alade wanda ba niƙaƙƙe ba daga digiri 71 zuwa 63 a ma'aunin Salshiyos, bisa sharaɗin a bar naman ya huta minti uku kafin a ci.