Gari da Takwaransa: Nazari Kan Maimaituwar Sunayen Garuruwa a Ƙasar Hausa

Matafiyi ya isa tasha da jakarsa, ya ce wa ɗan kamasho Mararraba za shi. Kafin a karɓi kuɗinsa sai an tambaye shi: "Wacce, Malam? Mararrabar Jos ko ta bakin Abuja?" Tambayar ba ta ba kowa mamaki, domin a ƙasar Hausa gari ma yana da takwara kamar mutum. Cikin ƙananan hukumomi 774 na Nijeriya akwai Nasarawa biyu, ɗaya a Kano ɗaya a Jihar Nasarawa. Tudun Wada kuwa akwai ta a Zariya, da Kaduna, da Jos, da Gusau, ga kuma ƙaramar hukuma sukutum mai wannan suna a kudancin Kano.

Wasu na ɗauka ƙarancin tunani ne ya sa kakanninmu maimaita suna. Ban yarda ba. Mafi yawan waɗannan sunaye kwatance ne. Mutum ya sauka gindin rimi ko kusa da dutse, maƙwabta suka riƙa kwatanta wurin da abin da ido ke gani, har ya bi shi. In aka ji tsoron ruɗani sai a ƙara masa wata kalma: Rimin Gado, Dutsin-Ma, Birnin Kudu, Birnin Gwari, Birnin Ƙonni. Sabon Gari ya yawaita ne a zamanin Turawa, bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 aka keɓe wa baƙin kudu wurin zama a wajen ganuwa. Zango kuma fatake ne suka kai shi har Kumasi da Akara, inda ya zama sunan unguwar baƙi Musulmi.

Akwai wani nau'in da ya fi waɗannan nauyi, wato sunan da aka yi hijira da shi. Bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, gidajen sarautar da aka kora sun bar ganuwa da fada da kaburburan iyayensu, amma sun ƙi barin suna. Zuriyar sarakunan Katsina ta kafu a Maraɗi a ƙarƙashin Ɗankasawa, kuma har yau sarkin Maraɗi Sarkin Katsina ake ce masa, alhali ga Sarkin Katsina zaune a birnin Katsina, iyakar ƙasa ta ratsa tsakaninsu. Da Alƙalawa ta faɗi a 1808, sarautar Gobir ta watsu, yau ana kiran Sarkin Gobir a Tsibiri ta Nijar, ana kiransa a Sabon Birni ta Sakkwato. Daura ma ta rabu uku a ƙarni na 19, tsakanin birnin da Zango da Ɓaure, kowanne na cewa shi ne Daura, sai a 1906 Turawa suka mayar da gidan Zango cikin birni. A nan riƙe sunan da'awa ce. Mai riƙe da shi yana faɗa wa duniya cewa ƙasa aka ƙwace masa, gadon yana hannunsa. Shi ya sa nake ganin mai binciken tarihi da ya tarar da suna ɗaya a wuri biyu ya kamata ya fara da tambayar wa ya tashi daga ina, kuma me ya tashe shi.

Wannan hanya tana kai mutum nesa. A bakin Kogin Nilu na Shuɗi a Sudan, kusa da Sinnar, akwai garin Mai Wurno. Sunan Muhammadu Bello Mai Wurno ne, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, wanda ya ci gaba da tafiya gabas da jama'arsa bayan an kashe mahaifinsa a Burmi a 1903. Ta laƙabin mutum ɗaya, Wurno ta Sakkwato ta sami ƴar'uwa a wata ƙasa.

Labarin da ya fi taɓa ni shi ne na Abuja, domin a nan sunan ne ya tashi ya bar mutanensa. Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya fita Zariya a lokacin jihadi ya yi kudu. Ɗan'uwansa Abubakar, wanda ake kira Abu Ja, ya kafa gari a 1828, garin ya ɗauki sunansa. Kusan shekara ɗari da hamsin ana kiran wurin Abuja. Da gwamnatin Murtala ta yanke a 1976 cewa za a gina sabon babban birnin tarayya a yankin, sai aka ɗauki sunan aka ba birnin da ko tubali ba a aza masa ba. Tsohon garin ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Yaron da aka haifa a Garki ko Wuse yau da wuya ya san cewa sunan da ke kan takardar haihuwarsa na wani basaraken Zazzau ne. Suleja ta ba da Abuja, amma ta riƙe sunan da ta fito da shi daga Zariya: sarkinta har gobe Sarkin Zazzau ne.