Inuwa, Batir da Kuɗin Gyara: Ɗorewar Cibiyoyin Lafiya na Karkara a Yankin Gangara, Jihar Maraɗi

Tsakure

Maƙalar ta yi nazarin yadda ake ginawa da tafiyar da ƙananan cibiyoyin kiwon lafiya a Gangara da gundumomin Agiye, Gazawa da Gidan Rumji, ta fuskar kula da muhalli. Ta dogara da rahotannin hukumomin lafiya, da rubuce-rubucen masana zamantakewa, da gine-ginen da aka jarraba a yankin Sahel. Matsayinta shi ne, hayaƙin da likitar ƙauye take fitarwa bai taka kara ya karya ba. Abin da yake cutar da muhalli da marasa lafiya a nan shi ne kayan aikin da zafi da ƙura da rashin mai gyara suke kashewa tun kafin lokacinsu.

Gabatarwa

A 2019 ƙungiyar Health Care Without Harm ta ƙiyasta cewa harkar kiwon lafiya ce take fitar da kashi 4.4 cikin ɗari na iskar da ke ɗumama duniya, kuma fiye da rabin wannan daga Amurka da Sin da Tarayyar Turai yake fitowa. Daga can ne mafi yawan ƙa'idojin gina asibiti mai kula da muhalli suka taso, shi ya sa hankalinsu ya fi karkata ga rage cin wuta. Wanda yake da wutar ne ake cewa ya rage.

Gangara ƙaramar hukuma ce ta karkara kusa da iyakar Katsina. Da tana ƙarƙashin Agiye, sai a 2011 ta koma sabuwar gundumar Gazawa. Kamar sauran Nijar, kiwon lafiya a nan hawa-hawa ne: ɗakin shan magani na ƙauye, sai cibiyar da ake kira CSI wadda majo, wato babban ma'aikacin jinya, yake riƙe da ita, sai asibitin gunduma, sannan babban asibitin Maraɗi. Aikin kuma ba ya zuwa daidai wa daida a shekara. Daga Yuli zuwa Oktoba zazzaɓin cizon sauro da tamowa suke haɗuwa a kan yara, rumbuna sun yi ƙasa, hanyoyi sun jiƙe. A yunwar 2005 ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi wa yara sama da 60,000 jinyar tamowa mai tsanani a Nijar, mafi yawansu a jihar Maraɗi. Tun 2019 kuma Gidan Rumji take karɓar 'yan gudun hijira daga Zamfara da Sakkwato da Katsina. Duk ginin da aka auna shi da yawan marasa lafiyar watan Janairu, a watan Satumba ba zai ɗauke su ba.

Wuta da sanyi

Layin wuta mai ƙarfin kilobolt 132 da ya taso daga Katsina a Gazawa yake sauka, daga nan ya rabu zuwa Maraɗi da Damagaram. Ke nan babbar wayar tana wucewa kusa da ƙauyukan da ungozoma take karɓar haihuwa da tocilan. Ko waɗanda suke kan layin sun ga iyakarsa a watan Agusta na 2023, lokacin da Nijeriya ta yanke wutar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, a sa'ad da kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar Nijar daga can take zuwa. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar tare da Bankin Duniya a Janairun 2023 ya nuna mutane kusan biliyan ɗaya suna dogaro da cibiyoyin lafiyar da ba su da wuta, ko kuma tasu ba ta da tabbas.

Amsar da kowa yake bayarwa ita ce hasken rana, kuma gaskiya ne rana ba ta yi wa Maraɗi rowa ba. Sai dai farantin hasken rana ba shi ne gaɓar da take fara karyewa ba. Faranti yakan yi shekara ashirin ko fiye, in dai ana goge masa ƙurar hunturu, wadda take rage ƙarfinsa ƙwarai idan ta taru. Batir ne matsalar. Batirin dalma an ƙera shi ne don ɗaki mai zafin digiri 25, kuma ƙa'idar da masu sana'ar suke bi ita ce, duk ƙarin digiri 10 yakan raba kwanansa biyu. A watan Afrilu da Mayu zafin inuwa yana haura 40, na ɗakin kwano kuwa ya wuce haka. Batirin da aka rubuta masa shekara biyar a takardar aiki, da wuya ya ga bazara ta uku a irin wannan ɗaki. Idan ya mutu kuma ba ya ɓacewa: ko ya zauna a bayan gini ruwansa yana tsiyaya, ko ya faɗa hannun masu fasa shi su narke dalmar. Mutanen wannan yanki ba sa buƙatar a yi musu bayanin dalma, tunda gubarta, daga haƙar zinariya, ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010.

Ci gaban da ya fi amfanar cibiyoyin karkara shi ne wanda ya cire batir daga lissafi. Firjin rigakafi mai jan wuta kai tsaye daga faranti yana daskarar da ruwa da rana, ƙanƙarar ta riƙe maganin tsakanin digiri 2 zuwa 8 har gari ya waye. Wata dabarar ta fito ne daga maganin kansa: a 2012 aka amince a riƙe allurar sanƙarau ta MenAfriVac har kwana huɗu a zafin da bai wuce digiri 40 ba. Amma na'urar tace iskar oksijin ga yaro mai ciwon huhu ba ta san dare ba, haka fitilar ɗakin haihuwa. Nan batir dole ne, don haka tambayar ta koma kan ɗakin da za a ajiye shi.

Ginin da yake sanyaya kansa

Bulon siminti da rufin kwano sun zama alamar ginin gwamnati, har ya kai ga in an yi wa gari likita da ƙasa, wasu za su ce an raina su. Wannan ra'ayi yana da tushe, bai kamata a yi watsi da shi ba. A daminar 2024 gidajen ƙasa da yawa sun zube a jihar Maraɗi, tsohon masallacin Damagaram na ƙarni na 19 ma ya rushe a watan Satumba. Ɗakin haihuwa kuma yana son daɓe da bangon da za a wanke da ruwan kulorin kullum.

Duk da haka, an riga an nuna hanyar tsakiya. A Kayedi ta Muritaniya, Fabrizio Carola ya faɗaɗa asibitin yankin da tubalin da aka gasa da buntun shinkafa, ya yi rufin ƙubba ba katako ba ƙarfe, aikin ya sami kyautar Aga Khan a 1995. A Lewo ta Burkina Faso, Francis Kéré ya gina cibiyar tiyata a 2014 da matsattsen tubalin ƙasa, ya ɗaga kwanon sama da silin don iska ta ratsa tsakani, ya kuma zaro bakinsa waje ya kare bango daga ruwa da rana. A cikin Nijar, Mariam Issoufou Kamara da Yasaman Esmaili sun yi masallaci da ɗakin karatu na Dandaji a jihar Tawa da irin wannan tubali a 2018. Kaurin bango yana jinkirta shigar zafi har rana ta faɗi, ɗagaggen rufi kuma yana hana kwano gasa ɗaki. Harsashi da ƙafar bango su zama na siminti, ɗakunan da ake wankewa a yi musu tayil, sauran a bar wa ƙasa. Ɗakin batir da ma'ajiyar magani su ne ya kamata su fara samun bango mafi kauri, kafin ofishin kowa.

Akwai abin da Carola ya lura da shi wanda zane-zanen da ake aikowa daga Yamai sukan manta: majinyaci ba ya zuwa shi kaɗai. Uwa tana zuwa da goyo, da tabarma, da tukunya. In ba a tanadar musu rumfa da murhu da makewayi ba, su za su tanada, a ƙofar ɗakin jinya.

Shara da ruwa

Bisa ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, kashi 85 cikin ɗari na sharar asibiti ba ta da haɗari. Ragowar 15 ɗin, allura da auduga mai jini da makamantansu, in aka gauraya su da sauran, duka sun zama abin tsoro. Ƙona roba a rami da wuta mai rauni yana haifar da gubar dayoksin, wadda ba a kauce mata sai zafin ya kai digiri 850 zuwa sama. Rabe shara tun daga gefen gado ya fi sayen sabon tanderu arha, ya kuma fi shi tasiri. Ruwa kuwa, kwalarar da ta ɓarke a gundumar Madarumfa a Yulin 2018 ta isa hujja kan buƙatar tsabtataccen ruwa. Famfo mai aiki da rana shi ma ba ya buƙatar batir, domin tankin da ke sama shi ne ajiyarsa.

Wa ke da gyara?

Bisa tsarin Yarjejeniyar Bamako ta 1987, kuɗin da marasa lafiya suke biya, ƙarƙashin kulawar kwamitin gari, su ne suke riƙe da ƙananan buƙatun cibiya. A 2006 Nijar ta mayar da jinyar yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta, da alkawarin gwamnati za ta biya cibiyoyin daga baya. Binciken da Jean-Pierre Olivier de Sardan da Valéry Ridde suka tattara a 2014 ya nuna yadda jinkirin biyan ya tsotse asusun cibiyoyi. Majon da yake neman kuɗin maganin zazzaɓi a watan Satumba ba zai sayi batir ba, kuma babu mai ganin laifinsa.

Abin mamaki, wannan yanki ne ya nuna wa duniya yadda ake warware irin wannan ƙulli. Shekaru aka yi ana dasa itatuwa a Maraɗi suna mutuwa, har a 1983 Tony Rinaudo da manoma suka koma ga sassabin zamani, wato rainon tohon kututturen da ke cikin gona. A Ɗan Saga ta Agiye abin ya kama ƙasa ne saboda an kafa kwamitin sa ido, kowa ya san itacen wane ne da hukuncin mai sara. Farantin da ke kan rufin likita bai sami wannan gata ba: mai ba da tallafi ya tafi, kamfanin da ya kafa yana Yamai, gari kuma yana ganin kayan gwamnati ne.

Don haka marubucin yana ganin kada a sa hannu kan kowace kwangilar kafa wuta a CSI sai an rubuta abu uku a cikinta: sunan mai goge faranti da abin da za a riƙa ba shi, layin kuɗin sauya batir a kasafin ƙaramar hukuma, da sharaɗin cewa mai kawo sabon batir shi zai tafi da tsohon. Masu bincike kuma su sauya abin da suke ƙirgawa. Rahotanni suna lissafa cibiyoyin da aka sa wa hasken rana. Adadin da Gangara take buƙata shi ne na waɗanda fitilar ɗakin haihuwarsu take kamawa da ƙarfe biyun dare, shekara biyar bayan bikin buɗewa.