Kaciya da Ragon Suna a Ƙasar Batsari da Safana: Tsakanin Risala da Askar Wanzami

A ƙasar Sarkin Ruma ta Batsari da ƙasar Yariman Katsina ta Safana, dattijai da dama suna iya tuna shekarar da aka yi musu kaciya, domin da wayonsu aka yi ta. Akan jira sai an gama kaka, sanyi ya sauka, sannan a tara yaran unguwa masu shekara bakwai zuwa goma a kira wanzami. Su yi jinya tare a zaure guda, ana ciyar da su kaji da kunu har su warke. Yau kuwa jarirai da yawa ana yi musu kafin su cika arba'in, wasu matasa ma har suna ɗaukar tsohuwar hanyar a matsayin jahilcin ƙauye. Wannan hukunci ya yi gaggawa.

Tun kafin jihadi ya kai Katsina a 1807, mazhabar Imamu Malik ce tushen karatun zaure a wannan ƙasa, Risalar Ibn Abi Zaid Alƙairawani (ya rasu 386H) da Mukhtasar na Khalil kuma suna cikin manyan littattafan malamai. A wurin Malikawa kaciyar namiji sunna ce mai ƙarfi. Sun karhanta yin ta ranar haihuwa ko ranar bakwai, suka so a jinkirta zuwa lokacin da ake umurtar yaro da salla, wato daga shekara bakwai zuwa goma. Ashe manomin Runka da ke jiran ɗansa ya yi famfara kafin ya kira wanzami, fatawar mazhabarsa yake bi, ko da bai taɓa buɗe Mukhtasar ba. Zaɓen hunturu ne kaɗai nasa: rumbu a cike, miki kuma ba ya saurin ruɓa.

Haka ranar suna. Malikawa ba sa ƙidaya ranar haihuwa idan an haihu bayan fitowar alfijir, shi ya sa wanda aka haifa da hantsin Juma'a ake raɗa masa suna Juma'ar da ta zagayo. Rago guda, ko ga namiji ko ga mace, a yanka da hantsi, a aske gashin jariri. Duk wannan yana cikin Risala.

Sauyi ya zo ta ƙofa biyu. Ta farko asibiti ce, inda ake ganin mikin jariri ya fi saurin warkewa. Ta biyu kuma bunƙasar karatun hadisi kai tsaye, musamman bayan kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978 da yawaitar ɗaliban da suka yi karatu a Madina. Ta nan jama'a suka ji hadisin Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, na awaki biyu ga namiji, suka san cewa Shafi'awa na wajabta kaciya kuma suna son yin ta ranar bakwai. Littafin Ibnul Ƙayyim, Tuhfatul Maudud, ya shiga hannun masu wa'azi. Saɓani ne na malamai, kowane ɓangare da hujjarsa. Abin da a ganina ya cancanci a tsananta a kansa daban ne: tsagar fuska da cire belu, waɗanda wanzami ke haɗawa da askin suna, alhali babu babin fiƙihun da ya zo da su, shari'a ma ta hana yi wa fuska alama.

Shekarun baya-bayan nan sun kawo wata tambaya da ta fi waɗannan zafi. Hare-haren 'yan bindiga daga dajin Rugu sun kwashe dabbobi, sun tayar da ƙauyuka, har magidancin da a da yake kamo rago daga turkensa ya zama baƙo a gidan wani cikin garin Batsari ko birnin Katsina. Irin wannan uba kan ci bashi don gudun gori. A mashahurin zancen mazhaba aƙiƙa mustahabbi ce ga mai hali, lokacinta kuma yana wucewa da faɗuwar ranar bakwai, ba ta zama bashi a wuyansa. Khalil ma ya karhanta mayar da ita walimar da ake tara mutane. Ya raɗa wa ɗansa suna, liman ya yi addu'a, ya wadatar.