Bagnols: Garin Duwatsun Zinariya da Tsohuwar Fadarsa

Matafiyin da ya bar birnin Liyon na ƙasar Faransa ya fuskanci arewa maso yamma, in ya yi tafiyar kimanin kilomita 30 cikin tuddan Bojole, inda gonakin inabi suka lulluɓe kowane gangare, zai riski wani ɗan gari da ake rubutawa Bagnols, ana furtawa Banyol, wanda gidajensa da majami'arsa duk da dutse iri guda aka gina su, rawaya mai ratsin ja saboda sinadarin ƙarfen da ke cikinsa, har mutanen yankin suka laƙaba masa dutsen zinariya. Da la'asar sakaliya, in rana ta doke shi, mutum ya fahimci ba su yi mubalaga ba.

Asalin martabar garin fadarsa ce, wadda wani basarake, Guichard d'Oingt, ya aza harsashinta a 1217 Miladiyya, a zamanin da kowane mai iko ke kwana da tsoron maƙwabcinsa; don haka ya kewaye ta da gwalalo, ya tsayar da hasumiyoyi a kusurwoyinta, ya sa gadar da ake ɗagewa in an hango abokan gāba. Sarkin Faransa, Sharl na Takwas, ya sauka a cikinta a 1490. Da aminci ya wanzu, sai ta koma hannun attajiran Liyon, waɗanda ba su da buƙatar mafakar yaƙi, suka ƙawata bangayenta da zane-zane, har marubuciyar wasiƙun nan, Madam Sévigné, ta baƙunce su a 1673.

Bayan juyin juya halin Faransa na 1789, fadar ta yi ta sauya hannu, daraja na raguwa, rufi na yoyo.

A 1987 wata Ba'ingilishiya, Helen Hamlyn, ta saye ta, ta tara ɗaruruwan magina da masassaƙa da masu zane, kuma, abin da ya fi burge ni cikin ƙissar, da suka riƙa kankare farar ƙasar da na baya suka shafe bango da ita, sai tsofaffin zanen suka bayyana, jahilcin da ya binne su shi ya zama sababin kiyaye su. An buɗe ta a matsayin otal a 1992. Yanzu baƙo na tsallaka gwalalon da ya ƙafe, a karɓi kayansa, ya ci abincin dare a babban zauren dogarai, gaban wani makeken murhun dutse, muddin aljihunsa na da nauyi.