Yadda Ƙamshin 'Ya'yan Itace Ya Shigo Ɗakin Amarya

Duk wanda ya halarci kamun amarya a Gaya ko Ajingi a 'yan shekarun nan, hancinsa ya ba shi labarin sauyi. Turaren da ƙawaye ke fesawa yanzu mai zaƙi ne: da farko ka ji kamar an ɓare lemo ko an yanka mangwaro, can sai fure ya biyo baya, daga ƙarshe miski ya kwanta a mayafi. Kakanninmu ba su san wannan ƙamshi a jikin mutum ba.

Ba kuwa 'ya'yan itace suka rasa ba. Ga goruba, ga kanya, ga ɗinya. Sai dai a wurinsu abin ci daban, abin shafawa daban. Ƙamshinsu daga ƙasa da wuta yake fitowa: saiwar jema da ƙajiji da ake tonowa a fadama, itacen hawi da sandal a kaskon garwashi, da jibda wadda ake yaɓowa daga jikin dabba. Ƙamshi ne mai nauyi, wanda ke kama zane ya yi kwanaki. Da yake mu ne a bakin gabas, a kan hanyar Borno, ba mu yi nisa da gwanayen humra ba.

Fure ya daɗe yana zuwa, amma a kwalbar masu hali. Da Heinrich Barth ya iso Kano a 1851, ya lissafa man wardi da lubban cikin hajar da ayari ke ƙetarowa da ita daga arewa. Irin wannan kaya sai gidan sarauta da na attajirai.

Wanda ya sauko da fure hannun talaka shi ne Bint El Sudan, wanda bakinmu ya mayar Binta Sudan. Kamfanin W.J. Bush na Landan ne ya fitar da shi a 1920, bayan wakilinsa Eric Burgess ya koma gida da samfurin ƙamshin da mutanen Sudan ke so. Mai ne zalla, babu giya a ciki, shi ya sa malamai ba su ƙyamace shi ba. Akwai yasmin a samansa, miski da itace a ƙasansa. Wato bai raba mu da abin da muka saba ba, fure kawai ya ɗora a kai. Wannan, a ganinmu, shi ne sirrin daɗewarsa. Daga baya kamfanin Gongoni ya riƙa ɗura shi a nan Kano, 'yan koli suna kai shi kasuwannin ƙauye.

Shi kuwa ɗan itace, ba daga lambu ya zo ba. In ka cire lemo da danginsa, da ake matse mai daga ɓawonsu, yawancin 'ya'yan itace ba sa ba da man turare. Masana sinadarai ne suka kwaikwayi ƙamshin a ɗakin gwaji. A 1919 gidan Guerlain na Faransa ya fitar da Mitsouko, mai ɗauke da sinadarin da ke ƙamshin wani ɗan itacen ƙasashen sanyi. Sai wajen shekarun 1990 irin wannan haɗi na fure da zaƙi ya mamaye kasuwar duniya, sannan kwalaben Dubai masu sauƙin kuɗi suka kawo mana shi cikin akwatin lefe.

Ba mu ƙi shi ba. Yana da daɗi, musamman da yamma in zafi ya sauka. Abin da ke damunmu shi ne yarinyar da za ta jera maka sunayen kwalabe goma, amma in ka miƙa mata saiwar jema sai ta tambaye ka ko maganin shawara ne. Tsofaffin da suka san lokacin tonon ƙajiji da yadda ake shanya shi suna ƙarewa, kuma ba a rubuta iliminsu ko'ina ba.

Ranar da aka yi rasuwa dai, ba mai neman kwalbar mangwaro. Har yanzu yaro ake aika wurin mai tireda, ya sayo Binta Sudan a yayyafa wa likkafani.