Sakan na ƙari

Sakan na ƙari shi ne sakan guda da ake ƙarawa a kan ma'aunin lokacin duniya na UTC domin ya daidaita da juyawar duniya. Ana sa shi ne a ƙarshen watan Yuni ko Disamba, inda agogo ke nuna 23:59:60 kafin sabuwar rana ta shiga. A Najeriya da Nijar lokacin yana kamawa 00:59:60.

Dalili

Tun daga shekarar 1967 ana auna sakan da agogon atom, wato kaɗawa 9,192,631,770 na atom ɗin sinadarin sisiyam-133. Wannan ma'auni ba ya sauyawa. Ita kuwa duniya ba ta juyawa da sauri iri ɗaya, domin jan da wata ke yi wa ruwan teku yana rage mata gudu sannu a hankali. Hukumar IERS ce ke sa ido, takan ba da sanarwar ƙari kafin tazarar ta kai sakan 0.9.

Tarihi

An fara amfani da tsarin a 1972. Daga lokacin an yi ƙari sau 27, na ƙarshe a ranar 31 ga Disamba 2016. Ba a taɓa rage sakan ba.

Makomarsa

Da yake ba a sanin ranar ƙarin da daɗewa, yakan rikita kwamfutoci. Na 2012 ya tsayar da shafin Reddit na wani lokaci. A watan Nuwamba 2022, Babban Taron Ma'aunai na Duniya da aka yi a Faransa ya yanke shawarar faɗaɗa tazarar da aka yarda da ita nan da shekarar 2035, abin da ke nufin daina ƙarin. Daga nan agogon hukuma zai riƙa nisanta da rana, da kimanin minti guda a ƙarni ɗaya.

Tasiri ga agogon inuwa

Agogon inuwa yana nuna lokaci ta wurin inuwar da sanda ke yi a kan faifai mai alamomi, saboda haka rana yake bi kai tsaye. Dama can ba ya tafiya daidai da agogon bango. Sakamakon karkatar duniya da siffar hanyar da take bi wajen kewaya rana, yakan wuce gaba da kusan minti 16 a farkon Nuwamba, ya kuma koma baya da minti 14 a tsakiyar Fabrairu. Masu amfani da shi sun saba gyara wannan bambanci da jadawali.

Don haka soke sakan na ƙari ba zai lalata agogon inuwa ba, lamba ɗaya kawai za a ƙara a jadawalin gyara. Sauyin da ya fi muhimmanci na ƙa'ida ne: lokacin hukuma zai rabu da motsin rana, wanda mutane suka dogara da shi shekaru dubbai.