Gitar Wayar Birki da Taskar da ke Cikin Salula

In ka bar Tawa ka nufi arewa, ta Takanamat ko ta Abalak, gonakin hatsi za su yi ta raguwa har su bar wa makiyaya fili. A nan Adar ke haɗuwa da Azawak, Bahaushe da Ba'abzine suna cin kasuwa ɗaya. Kowane kiɗa a yankin yana da masu shi. Gurmi da goge da kalangu na makaɗan Hausa ne, waɗanda galibi gadon sana'ar suka yi. Tande kuwa, turmin nan da ake rufe wa baki da fatar akuya, na matan Abzinawa ne, haka ma anzad, 'yar'uwar goge mai tsirkiyar gashin doki. Gita ba ta cikin wannan jeri. Baƙuwa ce, kuma yunwa ce ta yi mata jagora.

Farin 1973 da na 1984 sun karkashe dabbobi, samarin Abzinawa suka bazama Aljeriya da Libiya neman abin sawa a baka. Suka riƙa kiran kansu ishumar, daga kalmar Faransanci ta wanda ba shi da aikin yi. A can suka kama gita, suka ɗora mata waƙoƙin kewar gida da suke kira asuf, kuma daga cikinsu ƙungiyar Tinariwen ta fito. Bayan kashe-kashen Cin-Tabaradan na watan Mayun 1990 tawaye ya ɓarke, kaset ɗin makaɗin gita Abdallah Oumbadougou ya zama abin ɓoyewa, domin a same ka da shi jan magana ne. Sai da aka sa hannu a yarjejeniyar sulhu ranar 24 ga Afrilun 1995 gita ta samu sakewa, ta shiga gidan biki.

Cikin yaran da suka ga Abdallah yana kiɗa akwai Mahamadou Souleymane, ɗan yankin Cin-Tabaradan da Abalak, wanda duniya ta sani yau da sunan Mdou Moctar. Gidansu na masu riƙo da addini ne, ba su ɗauki kiɗa abin arziki ba, balle su saya masa gita. Sai ya samu katako ya sassaƙa, ya warware wayar birkin keke ya yi tsirkiya da ita. Bahago ne kuma, ko a kanti ba kowace gita ce za ta dace da hannunsa ba.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a tarihinsa shi ne inda ya nufa da ya tashi naɗar waƙoƙinsa na farko a 2008. Hanyar da mutanen Adar suka saba bi wajen cin rani ya bi, ta Ƙonni zuwa Sakkwato. A ɗakin naɗar waƙa na can aka yi wa muryarsa irin gyaran kwamfutar da ake yi wa mawaƙan finafinan Kano, aka sa masa gangar na'ura. Sakamakon shi ne kundin waƙoƙin Anar: harshen Tamashek, gitar ishumar, amma ado na waƙar fim ɗin Hausa. Masu son asuf tsantsa za su iya cewa an gurɓata shi. Ni dai a kunnena, kiɗan kasuwar iyaka ne, inda kowa ke jin yaren maƙwabcinsa.

A lokacin, Anar bai shiga kanti ba. Daga salula zuwa salula ya yi ta tafiya ta Bluetooth da katin memori, a tashar mota da majalisar shayi, har ya ƙetara Mali, sau da yawa ba tare da sunan mai waƙar ba. A Kidal wani Ba'amurke ɗan Portland, Christopher Kirkley, ya zauna da kwamfutarsa yana musayar waƙoƙi da matasa. Abin da ya tara ya zama faifan Music from Saharan Cellphones, wanda kamfaninsa Sahel Sounds ya fitar a 2011, da waƙar Mdou mai suna Tahoultine a ciki. Daga baya ya bi sawun mawaƙin har ya same shi, ya kawo masa gitar bahago. Aka naɗi faifan Afelan a Cin-Tabaradan, ya fito a 2013, sai fim a Agadas a 2015, sai Afrique Victime a 2021 da Funeral for Justice a 2024. Ranar da sojoji suka kifar da gwamnati a Yamai, 26 ga Yulin 2023, shi da abokan kiɗansa suna Amurka suna wasa, komowa gida ta gagara na wani lokaci.

A wasu ƙasashe kayan kiɗan ake tarawa. A Ostireliya, alal misali, kamfanin J. Albert & Son na Sidni ya riƙa sayar da harmonika, ƙaramin abin busa mai shiga aljihu, da sunan Boomerang, alhali a Jamus masana'antar Seydel ke ƙera ta. Yau akwai masu farautar tsofaffin har da kwalayensu, suna bin diddigin shekarar kowace. A Nijar ma cibiyar kiɗa ta Alhaji Taya da ke Yamai tana adana kayan kiɗan gargajiya. Amma gitar katako da wayar birki ba a yi ta don ajiya ba: yaro ya samu ta kanti, ya jefar da ita, in ma ba a hura wutar shayi da ita ba.

Abin da arewacin Adar ya tara sauti ne, kuma ma'ajiyarsa ba ta kai farcen babban yatsa ba. Memori na cika, a goge tsohon biki a sa sabo. Waya ta faɗa rijiya ko a sayar da ita lokacin da hatsi ya yi tsada, ta tafi da muryar makaɗin da a ƙauyensu kaɗai aka san shi. Waƙoƙin da Kirkley ya kwafa a Kidal suna nan a faifai, ana sayar da su a Portland da Paris. Mai tura waƙoƙi a kasuwar Tawa kuwa, in kwamfutarsa ta cika, abin da aka daina tambaya yake fara gogewa.